Tsohon Takalmina Ya Riga Ni

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma na safe

Wannan littafin na lokacin gudu ne. Koci ya raba mana, ya ce kowa ya riƙa sa zagaye nawa ya yi, minti nawa, ina ke masa ciwo. Ni a aji huɗu na tsaya, lamba ta fi mini sauƙi. Amma abin yau lamba ba za ta ɗauke shi ba.

Yau aka yi gwajin mita dubu biyar. Kujera ɗaya ce a sansanin horo na ƙasa, wanda ya zo na ɗaya shi zai tafi ƙarshen wata. Mu tara muka tashi. Daga zagaye na takwas sai ni da abokin guduna Allura, sauran mun ba su rata mai nisa.

Sai na faɗi maganar takalmi. Yayana ya sayo mini sabo ranar Asabar. Na Allura kuwa ya yage da safen nan yana ɗaure igiya, sai na ciro tsohon nawa daga jaka na ba shi, ƙafarmu ɗaya. Tsohon nan kowa ya san shi a filin. Mai gyara ya yi masa ƙasa da tayar mota, na hagun ya ɗan saki, in ina gudu yana cewa ɗas-fat, ɗas-fat. Shekara biyu ana tsokana ta da shi.

A mita ashirin na ƙarshe mun haɗa kafaɗa. Kaina a sunkuye yake, abin da Koci ya sha hana ni. Shi ya sa na gani. Tsohon takalmina ya taka farin layi, sannan sabon ya taka. Ko taki ɗaya bai cika ba. Amma na gani.

Koci yana tsaye a bakin layi, agogo a hannu, ya karkata kai yadda ya saba. Ya danna ya ce, "Kunkuru na ɗaya. Allura na biyu."

Kunkuru ni ne.

Allura yana durƙushe a ciyawa yana amai. Koci ya ɗora takardar ofis a cinyarsa ya rubuta sunana da manyan baƙaƙe.

Ban ce komai ba. Numfashina ne bai dawo ba tukuna.

Litinin, ƙarfe bakwai na yamma

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Inna ta shiga gida uku ta faɗa. Yaya ya ɗauki sabon takalmin yana juya shi, ya ce wa matarsa, "Kin ce ɓarna na yi. To ga ɓarna."

Na ci abinci kaɗan. Inna ta ce murna ce ta cika mini ciki.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

A wurin wankin motar da nake aiki Oga ya ce, "Ka ga ikon Allah, yau kunkuru ya tsere wa allura. In ka shiga talabijin kar ka manta da mai bokiti." Na wanke mota shida. Ta biyar sau biyu na wanke ta, ban sani ba.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe tara na safe

Allura ya dawo mini da tsohon takalmin, ya wanke shi tas har igiyar. Ya ce, "Na gode, ɗan sansani." Ya yi dariya. Ya samo wani takalmin a wurin ɗan ɗakinsu.

Na sa tsohon, na bar sabon a jaka. Ban san dalili ba.

Na sani.

Da na wuce gaban Koci a zagayen farko ya ce, "Yauwa, ga makaɗina ya iso."

Yau na tsaya na lura da shi sosai. Ba ya juyo da fuska wajen mai gudu, kunne yake juyowa. In ya danna agogo sai ya miƙa wa na kusa ya ce, "Kai, karanta mana, mu ga ko kuɗin makaranta ya tafi a banza." Mu yi dariya mu karanta. Na ƙirga baya, tun wajen damina yake wannan wasan. Da can shi yake karantawa, har ya yi mana ihu da sakan ɗin.

Kuma matarsa, da muke kira Mama, ita ke rako shi har ƙofar fili kowace safiya. Muna cewa soyayyar tsufa ce.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe tara na safe

Zagaye ashirin. Tsohon takalmi. Ba inda ke ciwo.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Koci ya kira ni gidansa, wai zai yi mini huɗubar sansani. Ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida. A falo akwai wani ƙaramin tebur mai gilashi a sama, cike da ƙananan ƙusoshi da murafen agogo. Ya ce na mahaifinsa ne, mai gyaran agogo ne a bakin tasha shekara arba'in.

Ya ce, "Tsohon nan in ka kawo masa agogo ba ya buɗewa. Kunne yake kai shi. Ya ce maka wannan ƙura ce, wannan faɗuwa ya yi, wannan kuma mai shi ne maƙaryaci. Ni nake zama a ƙasan teburin nan ina tsince masa abin da ya faɗi."

Na ce ko ya taɓa zuwa kallon gudunsa.

Ya yi dariya. "Shi? Ya ce mutum mai hankali ba ya gudu sai in an koro shi. Sau ɗaya ya zo. Ya tsaya a bayan katanga bai shigo ba. Da na koma gida ya ce, ƙafarka ta dama tana latti."

Mama daga ƙofa ta ce, "Har yau tana latti, in an ce ya zo ya ci abinci."

Wanda ya koya masa gudu kuma wani tsohon mai raba wasiƙa ne, da keke. Shi yana gaba a kan keke, Koci yana bin sa a ƙasa unguwa unguwa, kuma bai taɓa waiwayowa ba. Daga jin taku yake cewa ka gaji, ko ka sunkuyar da kai, ko jiya ba ka yi barci ba. Koci ya ce, "Mutane suna cewa gani ya kori ji. Ni mutum biyu suka rene ni, duk a wurinsu ji ne ya kori gani. Ido yana ganin riga. Kunne ke jin mutum."

Ya ɗauki buta zai zuba mini shayi. Ya zuba a gefen kofin, a kan tire. Mama ta matso da kofin da ɗan yatsa, ba ta daina maganar da take yi ba. Ta dube ni. Na dubi teburin agogo.

Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce, "Shekara shida kana zuwa na biyu ba ka taɓa ɓata rai ba. Na ji daɗi da kai ne."

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe goma na safe

Sakataren ofishin wasanni ya zo fili da wani matashi mai jaka da farar hula. Yara sun riga sun sa masa suna Mai Satifiket. An ce ya yi karatun horarwa shekara uku, kuma an daɗe ana nema masa fili. Saura wata takwas Koci ya ajiye aiki da kansa, a yi masa taro a ba shi lambar yabo. Kowa ya san akwai masu ganin wata takwas ya yi yawa.

Sakatare ya ce, "Koci, sakan nawa yaron nan ya yi a zagayen nan?"

Koci bai kalli agogo ba ya ce, "Sittin da takwas." Ya miƙa wa Mai Satifiket. "Duba mana, ɗana."

Ya duba. Sittin da takwas da ɗigo biyu. Ya ɗaga gira.

Na ji daɗi har cikin ƙashina. Sai kuma na tuna, in na buɗe baki, ba kujerata kaɗai za ta tafi ba. Za a tambaya yaya aka yi mai shekara talatin a bakin layi ya kasa bambanta dogo da gajere da rana tsaka.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe tara da rabi na safe

Allura ne ke ja mini gudu yanzu. Koci ya sa shi, wai ya shirya ni. Yana gaba ina baya, yana cewa, "Ɗaga kai, Kunkuru, ba a zubar da kuɗi a ƙasan nan ba."

Shekararsa ashirin da shida. Sansani ba sa ɗaukar wanda ya wuce haka. Ni saura mini uku.

Lokacin da baban Allura ya rasu a gidan Koci ya zauna shekara biyu, a falon nan mai tebur. Mama ce ta koya masa wanki. Shi ya sa ya iya wanke igiyar takalmi.

Muna miƙe ƙafa na ce, "Ranar nan fa mun zo kusa."

Ya ce, "Kusa ba ta shiga mota." Ya tashi ya tafi famfo.

Baba Mai Layi, wanda ke zana filin da farar ƙasa, yana wucewa da gwangwaninsa. Ya tsaya ya dubi ƙafata ya ce, "Ina sabon? Ko ajiya aka saya maka?" Na ce yana matse ni. Ya ce, "To. Wani takalmin a ƙafa yake matsi, wani a wani wuri." Ya ci gaba da zuba layinsa.

Tsofaffi haka suke magana. Ba lallai yana nufin wani abu ba.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Ban je fili ba. Na ce cikina ne.

Juma'a, 14 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An kira ni ofis, tela ya auna ni, an ɗauki hotona. Mai hoto ya ce in yi murmushi, ba katin asibiti ba ne. Sakatare ya ce ranar Litinin 24 za a buga hatimi a aika takarda, daga nan ko shugaban ƙasa ba ya canza suna.

Kwana goma.

Na yi lissafi a hanya. In na yi shiru, Koci ya gama wata takwas ɗinsa, Inna ta ci gaba da shiga gidaje, Yaya ya ci gaba da yi wa matarsa gori. Mutum ɗaya ne kawai zai rasa, kuma bai ma sani ba. In na yi magana, mu uku ne ko huɗu.

Lissafin daidai yake. Na sake yi, daidai yake. Ban san me ya sa ba ya zama ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Inna tana ɗinke mini bakin jaka. Na zauna kusa da ita na ce, "Inna, in aka ba mutum abin da ba nasa ba, kuma in ya mayar wanda ya ba shi ne zai ji kunya, yaya zai yi?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Canjin wa ka riƙe?"

Na ce ba kuɗi ba ne.

Ta ciji zare ta ce, "Shi mai bayarwar, mutumin kirki ne?"

Na ce babu kamarsa.

Ta ce, "To kai ka yanke masa cewa kunya ta fi ƙarfinsa? Kai wa?" Sai ta miƙo mini jakar. "Ja ka ji ko ta kamu."

Ta kamu.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe tara na safe

Na je da niyya. Na tsaya a gaban Koci. Ya ce, "Mene ne?" Na ce igiyata ce ta kwance.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Bakina ya ƙi, to na bar ƙafa ta faɗa.

Na zo da wuri kafin kowa. Mama ta rako Koci ta koma, ya zauna a bencinsa. Ban gaishe shi ba. Na sa sabon takalmi na shiga fili ni kaɗai. Zagaye ɗaya, na wuce gabansa. Ya karkata kai. Zagaye na biyu ya ce, "Wane ne wannan?" Ban amsa ba. Na uku ya miƙe tsaye.

"Numfashin Kunkuru ne. Ƙafar ba tasa ba ce. Zo nan."

Na zo. Ya durƙusa, tsoho da shi, ya shafa takalmin tun daga baki har dunduniya. Ya daɗe a nan ƙasa.

"Yaushe ka saya?"

"Yaya ne. Asabar ɗin kafin gwaji."

"Ranar gwaji shi ka sa?"

"Shi."

"Tsohon fa?"

Na ce, "Na ara wa Allura."

Ya koma benci ya zauna. Agogon yana rataye a wuyansa, ya riƙe shi ya sake shi. Na jira ya zage ni, ko ya ce me ya sa sai yau. Tsuntsaye suna ta hayaniya a kan rufin 'yan kallo.

Ya ce, "Da nawa?"

Na ce, "Bai kai taki ɗaya ba."

"Amma ka gani."

"Na gani, Koci. Kaina a sunkuye yake."

Sai ya yi wata 'yar dariya ta hanci. "Shekara shida ina cewa ka ɗaga kai." Ya goge fuska da tafin hannu. "Mako biyu kana sa mini tsohon nan don kar in ji. Ni kake yi wa, ko kanka?"

Na ce, "Duka biyu."

Ya ce, "To madalla da ba ka yi mini ƙarya a nan ba."

Na ce ko za a iya cewa alƙalami ne ya zame, ko a sake gwajin kawai, ba sai an faɗi dalili ba. Ni zan tsaya a baya.

Ya ce, "Ka tsaya a baya? A filina? Gudun da aka yi an yi shi. Wanda ya ci ya ci." Sannan ya ce, "Babana ranar da ya ba wani agogon wani, ranar ya naɗe teburinsa. Na ce masa kuskure ɗaya ne. Ya ce wanda ka kama ɗaya ne."

Yara suka fara shigowa. Ya busa usur kamar kullum. Da ya danna agogo ya miƙa wa ƙaramin cikinmu, bai yi wasan kuɗin makaranta ba. Ya ce, "Karanta mini, ɗana. Ba na gani."

Ba wanda ya yi dariya. Yaron ya karanta.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe tara na safe

Koci bai zo ba. Mun yi gudu mu kaɗai, kowa yana ƙirga wa kansa.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An ce ya je ofis da Mama, sun yi awa biyu a ciki. Ba wanda ya san me aka faɗa. Ya fito babu usur a wuyansa.

Sakatare ya aiko in mayar da fom ɗin sansani. Na mayar. Ya ce tela zai ƙara tsawon wandon, rigar dai za ta yi wa Allura.

A gida Yaya ya tsaya a kaina. "Wato takalmin da na saya da gumina shi ya kayar da kai, na tayar mota ya ci?" Matarsa ta shige ɗaki da sauri, na ji tana dariya a filo. Ya ce, "Wa ya tambaye ka? Wa ya kama ka? Kai kaɗai ne mai gaskiya a garin nan?" Na bar shi ya gama, yayana ne, kuma kuɗinsa ne.

Inna ta sa mayafi. Ya ce ina za ta. Ta ce, "Gida uku na shiga na faɗa. Zan koma in gyara."

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe goma na safe

Mai Satifiket ya fara. Ba mugu ba ne. Yana da allo da alƙalami kala uku. Ya kira ni da sunana na takarda, ban waiwaya ba sai da aka taɓa ni.

Ba taro, ba lambar yabo. Wata takwas. Ni na yi wannan.

Litinin, 24 ga wata, ƙarfe tara da rabi na safe

Koci ya zo. Mama ta kawo shi har benci wannan karon, ba ƙofa ba, hannunta a gwiwar hannunsa a gaban kowa. Ya zauna. A zagaye na shida ya yi gyaran murya. Mai Satifiket ya dube shi, ya dubi allonsa, sannan ya taka ya je ya tsuguna. Ban ji me suka ce ba. Da ya dawo ya cire wani yaro daga layi ya ce a duba masa agara. Aka duba, ta kumbura.

Ban sani ba ko za a bar shi ya riƙa zuwa. Ba wanda ya ce eh, ba wanda ya ce a'a.

Na je gaishe shi na ce ya yafe mini. Ya ce, "Wuce ka yi zagayenka. Badi ma akwai kujera, kuma wannan karon mai ido ne zai tsaya a layi, sai ka ci da gaske."

Juma'a, 28 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Na raka Allura tasha. Na riƙe masa jaka yana sayen tikiti. Tun ranar nan ba mu yi maganar ba, yana ta kauce mini. Da ya sa ƙafa ɗaya a mota na ce, "Ka yi haƙuri. Kwana goma sha biyar na riƙe maka abinka ba ka sani ba."

Ya sauko da ƙafar. Ya ce, "Wa ya ce maka ban sani ba?"

Na tsaya ina kallonsa.

"Kunkuru, ni ne a gaba. Wanda ke gaba ai ya san ba kowa a gabansa. Tun zagaye na goma Koci yake kiran sunanka ina wucewa. Amai nake, ba kurma ba ne."

Na ce to me ya hana shi magana.

Ya ce, "In ce me? In ce mutumin da na kwana a falonsa shekara biyu ba ya gani? Mama ta same ni a famfo ranar gwajin, ta ce in na faɗa ba za ta riƙe ni ba, haƙƙina ne. Tana bakin ƙofa, ta ga komai. Baba Mai Layi ma ya ce mini shi ya ja layin, ya san ƙafar da ta fara taka shi. Na ce su bari." Ya karɓi jakarsa. "Ni na ba shi wata takwas. Kai ka ƙwace. Har yanzu ban san ko in gode maka ko in mare ka ba."

Direba ya yi hon. Ya shiga, ya leƙo ta taga ya ce, "Ka riƙa kai shi gida in Mama ta gaji."

Na dawo a ƙasa, ban hau komai ba.

Na ɗauka ni kaɗai na ga abin da ya faru a bakin layi ranar 3 ga wata. To bari in rubuta daidai, tunda littafin lissafi ne. Mu huɗu ne. Ni, da Baba Mai Layi, da Mama, da Allura.